Dakta Saura-Ƙiris Ya Nemi Aikin Bincike

Duk wanda bai san Dakta Saura-Ƙiris ba, to bai san ilimi ba. Tun 'ya'yansa na rarrafe ya fara digirin dakta, yau suna aske gemu, har yanzu saura ƙiris ya kammala. Ba gazawa ba ce, Allah ya kiyaye. Masu duba aikin ne ba su kai su fahimce shi ba.

Ranar da Cibiyar Binciken Rashin Barci ta sanar tana neman babban mai bincike, Dakta ya karanta sharuɗɗan a tsaye, yana murmushi. Ana son digirin dakta, da maƙalu a mujallun masana, da gogewa a ɗakin gwaji.

"Maman yara," in ji shi ga matarsa, "mutanen nan ni suke nufi, kunya ta hana su kama suna."

"To, Baban yara, kana da maƙalun?"

"Suna nan cikin kaina. Mujalla takarda ce kawai."

Washegari ya shiga ofishin ajiyar takardu inda yake aiki, ya yi wa abokan aiki jawabin bankwana, ya yafe musu jahilcinsu, ya kyautar da kujerarsa mai juyawa. Da shugaban ofis ya ce ya bari a ɗauke shi tukuna, sai Dakta ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi, ya ajiye aiki.

Ranar ganawa ya sha kwat da tabarau marar magani. Shugabar kwamiti, wata farfesa da idanunta suka yi ja don rashin runtsawa, ta ce ya ɗan faɗi binciken da ya taɓa yi.

"Madalla da tambaya!" in ji Dakta. "Amma kafin a gane bincikena, dole a gane ni."

Ya faro daga haihuwarsa. Kafin ya shiga firamare, ɗan kwamitin da ke dama ya lumshe ido. Yana karɓar kyautar gasar muhawara, na hagu ya kifa kai a tebur. Dakta ya ga yadda hikima ke ratsa mutane, ya ƙara ƙaimi. Da ya gama, ya fito a kan yatsun ƙafa, kada ya katse musu tunani.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Farfesa ce, muryarta garau.

"Malam, aikin dai mun ba wata mai digirin da maƙalun. Amma wallahi rabona da barci irin na jiya tun ina ɗaliba. Don Allah ka riƙa zuwa kana yi wa majinyatanmu bayanin kanka. Mun gwada magunguna iri-iri, babu kamarka."

Dakta ya ajiye waya, ya gyara zama, ya shiga warware wa Maman yara yadda cibiyar gaba ɗaya ta dogara da shi yanzu. Ya kai wurin da ya fi daɗi, ya juyo ya ga ko ta gane.

Tana minshari, cokali a hannu.