Yadda Za Ka Ɓatar da Hannun Ya Fanne Daga Wayarka

Wannan darasi naka ne, kai da ka sayi giwan ruwa a kasuwar Gashuwa, ka ɗauki hoto da shi, ka yanke gefen da mai kifin ta fito, ka dawo Nguru ka ce kai ka kamo shi. Ranar Juma'a dattawa za su zaɓi shugaban masuntan unguwa, kana nema, ga asalin hoton kwance a wayarka: Ya Fanne mai kifin, hannunta da lalle da awarwaro, riƙe da jelar kifin. Bi matakan nan. Na ba ka tabbaci, ba mai sake ganin hoton nan har a naɗe ƙasa.

1. Danna gogewa, ka yi hamdala

Hoton zai ɓace daga idonka. Kada ka tambayi ina ya tafi. Masana sun ce waya ba ta share hoto, sunansa kawai take cirewa daga ƙofa, shi kuwa yana ciki a zaune har sai wani ya zo ya danne wurinsa. Kada wannan ya dame ka. Abin da ido bai gani ba, ai hutu ne ga zuciya.

2. Je wurin Bobboi mai gyaran waya

Kada ka ce naka ne. Ce wani abokinka ne ke son sanin ko gogaggen hoto na dawowa. Zai miƙo hannu.

"Kawo wayar abokin naka, Baba Dunoma."

Kafin ka gyara zama, ga Ya Fanne ta dawo, har da murmushinta.

"Kai, wannan abokin naka da ƙarfi yake," in ji Bobboi. "Ya kamo kifi har da mai shi."

Yi dariya tare da shi. Wanda ya yi dariya da kansa, rabin kunyarsa ta tafi. Sauran rabin ka tafi da shi gida.

3. Danne wurinsa

Sake goge shi. Tunda sabo ne ke kashe tsoho, cika wayar maƙil. Ɗauki hoton bango, hoton akuya, hoton buta ta kowane gefe. In matarka Madina ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya kake bin buta da waya tun safe?" ce mata aikin kimiyya ne. Za ta ce Allah ya ba da lafiya. Amsa da amin.

4. Kulle komai da kalmar sirri

Wannan shi ne babban maganin. Waya za ta dagula duk abin da ke cikinta, ya zama ba mai iya karantawa sai mai mabuɗi. Kada ka sa sunan ɗanka, ko na garinku, ko shekarar aurenka. Maƙiyi da su yake farawa. Haɗa haruffa da lambobin da ba ruwansu da kai. Kada ka rubuta, kada ka gaya wa kowa. Sirri in ya kai mutum biyu ya zama shela.

5. Manta da ita

Wannan ba sai ka wahala ba, zuwa la'asar zai faru da kansa. Barka. Yanzu ko wanda ya ƙera wayar ba ya iya fito da hannun Ya Fanne.

6. Halarci zaɓe da ƙwarin gwiwa

Goni Kalli, babban dattijon zaman, zai ce, "To Dunoma, mun sha labari. Nuna mana kifin nan mu ma mu gani."

A nan za ka tuna cewa yankakken hoton, wanda kai kaɗai ke ciki da kifinka, shi ma yana bayan wannan kulle. Gwada kalmar. Sake gwadawa. Yi gumi cikin natsuwa.

"Bar wahalar da yatsa," Goni zai ce, da tausayi. "Hoto ai inuwa ne. Ruwan na nan, ga goran iyo, ga komar kamun kifi. Sauka ka kamo mana ɗan'uwansa."

Abokin takararka ma zai tashi ya riƙe maka takalmi.

Sanarwa

Alkawarin da na ɗauka na ɓatar da hoto ne, kuma ya ɓace. Shugabanci, jiƙewar riga, da ruwan da za a matso daga cikinka a bakin gaɓa, duk ba sa cikin darasin nan. In ka hango ni cikin masu kallo, kada ka kira sunana. Ni ma ban iya iyo ba.