Rasuwar Gladys, Mai Riƙe Sunayen Ɓeraye

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, wadda kunya ta fi yawa a cikinta, ni Curtis Wendell, mai kula da na'urorin ɗakin binciken ƙoda da ke hawa na uku, nake sanar da abokan aiki rasuwar kwamfutarmu Gladys. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara, a ƙarƙashin teburin da ke kusa da firij, inda ta yi rayuwarta duka.

Marigayiya ma'aikaciya ce ta kirki. Takan karɓi hotunan yankan ƙodar ɓeraye daga madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, ta bi ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, ta auna tabon da ciwo ya bari. Abin da mutum zai yi mako guda yana yi har idonsa ya kaɗa, ita kafin ka shanye kofi ta gama. An ɗora mata kofuna, an shanya safar hannu a kanta duk lokacin da ƙanƙara ta sauka a nan jiharmu Minnesota ta Amurka, ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Amma babban halinta shi ne riƙon amana. Kun san ƙa'idarmu: mai duba hoto bai kamata ya san ko ɓeran ya sha magani ko bai sha ba, don kada son zuciya ya shiga lissafi. Saboda haka duk hoton da ya shigo, Gladys takan cire masa suna ta ba shi lamba. Wace lamba ce ta wane ɓera, wannan yana cikin fayil guda da muke kira mabuɗi, kuma a cikinta kaɗai yake. Shekara huɗu ta riƙe wa Jolene Marchetti, ɗalibarmu mai neman digirin digirgir, wannan sirri. Saura mako uku a buɗe, a ga ko maganin ya yi aiki.

Ciwon ajali ya fara ne a watan Oktoba. Da farko fankarta ce ke cewa "grrr-tak, grrr-tak." Bayan bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba sai faifan ajiyarta ya kama "ƙit, ƙit, ƙit," a hankali, kamar mai neman a kula shi. Na ji. Abin da na yi shi ne na ƙara wa rediyo murya.

Jolene ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ce, "Curtis, anya lafiyar tsohuwar nan kuwa?"

Na ce, "Haba Jolene, haka take tari tun kafin ki san hanyar nan. Sai ta binne mu duka."

"Ka dai kwafe mabuɗin ko?"

"Je ki duba ƙofa mana, ko ba ki iya karatu ba?"

A bayan ƙofar akwai takardar da nake sa wa hannu kowane wata, shaidar cewa na kwafe komai zuwa rumbun jami'a. Hotuna kam na kwafe. Mabuɗin yana can wani lungu dabam, kuma tun watan Maris na lura ba ya bin sahun abin da ake kwafewa. Gyaran bai wuce minti goma ba. Na ce gobe, na sa hannu. Wata na zagayowa na sake cewa gobe.

Ranar Talata Gladys ta yi "ƙit" sau biyu, fuskarta ta yi shuɗi, ta yi shiru. Masu ceto bayanai sun buɗe ta, sun ce faifan ya karce kansa, babu abin ɗauka.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a taron Laraba. Shugabanmu Farfesa Lindqvist ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, kwafin fa?" Na buɗe bakina na ce da alama marigayiya ce ta lalata shi kafin ta cika. Na yi wa gawa ƙazafi, kowa ya gyaɗa kai. Jolene, da idanunta a kumbure, ta turo mini kwalin donat, fanken nan mai sukari, ta ce, "Kada ka sa wa ranka damuwa, inji ne, ba laifinka ba ne." Na ɗauka kuwa, na ci.

Ta rasu ta bar hotuna dubu sittin da biyu, lafiyarsu ƙalau, kowanne da lambarsa, babu wanda ya san uban wani. Ta bar allo mai tsage a gefe da linzamin da ke ɗingishi. Ɓeraye casa'in da shida sun riga ta tafiya saboda wannan aiki, rinin da aka yi wa yankan ƙodarsu ma ya dusashe, ba sa sake ɗaukuwa. Ta kuma bar Jolene, wadda mahaifiyarta ta riga ta ɗauki hutun watan Mayu don zuwa bikin yaye ta.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, a ƙofar baya inda motar kwashe matattun na'urori ke tsayawa. Ni zan turo ta a amalanke. Kada a kawo furanni, kada kuma a yi mini ta'aziyya. Mai ta'aziyya ya wuce teburin Jolene, wadda za ta karanta wannan sanarwa a jikin firij kamar kowa, domin sau uku na je gabanta bakina ya ƙi buɗuwa.

Jolene, sababbin ɓeraye za su iso ranar Litinin, kuma na san shekara biyu ce na ci miki kafin a sake aikin. In kin yarda ni zan riƙa wanke kejinsu har a gama. In ba ki son ganina ma, kina da gaskiya. Gladys ba ta lalata komai ba. Takardar tana nan bayan ƙofa, ban cire ta ba. Sa hannu tara ne, duka nawa.