Mayafin Kulu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ni ɗakin miji a Bunguɗu ba, alhali ba ni aka ɗaura wa aure ba. An zaunar da ni a gadon amarya, an yi mini nasiha, an yi guɗa a kaina. Amaryar gaske tana bayan mota tana amai.

Ni mai kitso ce. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na yi aure sau biyu, ɗaya ya sake ni, ɗaya ya mutu. Na haifi ɗa, shi ma ya koma. A duk wannan ba wanda ya ga hawayena, har matan unguwarmu a Gusau suka sa mini suna Dutse (a bayan idona suke faɗa, amma ba abin da ba ya zuwa kunnen mai kitso).

Kulu 'yar Tsafe ce, bazawara, tana kawo ƙuliƙuli da man gyaɗa kasuwar Gusau. Kitso ya haɗa mu. Ta zauna a gabana, ta jingina kai da gwiwata, ta ce hannuna ya yi zafi. Na ce ta tashi in ba ta iyawa. Ba ta tashi ba. Da kasuwa ta zagayo ta dawo, kitson ko tashi bai fara ba.

Zan faɗa sau ɗaya. Son da na yi wa Kulu ba na ƙawance ba ne. Irin wanda aka ce mace ta yi wa miji ne, wanda na kasa yi wa mazan nan biyu. Mutane suna da sunan da suke kiran irinmu, 'yan maɗigo. Na san sunan, na san abin da malamai suka ce a kai. Ita ma ta sani.

Irinmu ba su da dandali, ba su da wadda za su kai wa ƙara in sun yi faɗa. Abin da muke da shi ɗakina ne ranar Juma'a, in gari ya tafi masallaci. Ga rediyo mai kaset, ga rake, ga tsire in ciniki ya yi kyau. Wani lokaci mu shiga gidan maƙwabciyata mai bidiyo mu kalli fim ɗin Indiya, mu zauna nesa da juna kamar masu gaba. Kitso ne ya rufa mana asiri. Ba mai tambayar abin da ya sa mace ta daɗe a ɗakin mai kitso.

Mun yi shekaru a haka. Sai shekarar nan da fetur ya yi wuya, bayan an ba mu jiha, kafin a kawo shari'a. Ina tsefe mata kai ta ce, "Zan yi aure."

Hannuna bai tsaya ba. Na ce, "Wa?"

"Wani malamin dabbobi, can Bunguɗu. Matarshi ta rasu. Ba shi da hayaniya."

"To."

"To kawai?"

"Mi kike so in yi? In rangaɗa guɗa?"

Ta ce, "Na gaji da zaman gidan yayyena. Matansu na kallon lomar da nike kaiwa baki. Kuma ina son ɗa, ke kin sani."

Na sani. Wannan ba abin da zan iya ba ta ba ne.

Ta juyo ta kalle ni, rabin kai a tsefe. Ta ce, "Ke za ki riƙa zuwa kina mini kitso. Ba mai raba amarya da mai kitsonta. Amma ki riƙe kanki ranar biki. Gwaggon mijin nan an ce ba abin da ke wuce ta. In ta ga wani abu a fuskarki, ƙofa ta rufe ke nan."

Na yi dariya. Na ce, "Ni? Dutse kike faɗa wa ta riƙe kanta?"

(Ku riƙe wannan dariyar. Ita ce ta ƙarshe da na yi da girman kai.)

Ranar biki ni na yi mata kitson amarci a Tsafe, ni na zana mata lalle tun jajibiri. Ban yi kuskuren tsaga ko ɗaya ba. Da yake auren bazawara ne, ga kuma nisa, aka ce a kai ta da rana. Bayan azahar muka shiga wata tsohuwar fijo: Kulu, da yayarta Asabe, da mata biyu daga danginsu, da ni. Direba ya ajiye jarkar fetur a bayanmu, don gidajen mai duk a bushe suke.

An lulluɓe Kulu da wani koren mayafi mai zare ruwan gwal. Daga lefe ya fito. Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifin ango, ita ta zaɓe shi da hannunta. Wannan daga baya na ji.

Da muka ratsa Gusau muka wuce kwanar unguwarmu, Kulu ta matse mini yatsu ta ƙarƙashin mayafin. Na kalli taga. Muna fita gari warin fetur ya juya mata ciki. Ta yaye mayafin ta tura mini a cinya, ta ce, "Riƙe mini, zafi zai kashe ni."

Na riƙe. Mayafin yana ƙamshin turaren wuta da man da na shafa mata a kai da safe. Ban san lokacin da abin ya taso ba. Ina hango rufin gidajen Bunguɗu sai hawaye ya zubo mini. Na ce bari in tare fuska da mayafin kada Asabe ta gani. Na tare fuska. Sai kafaɗuna suka fara rawa, na ja shi na rufe kai gaba ɗaya.

Mota ta tsaya a ƙofar gida. Kulu ta ɓalle ƙofar ɗaya gefen ta yi bayan mota da hannu a baki, Asabe ta bi ta da buta. Sauran biyun suka tafi sauke kaya. Aka bar ni ni kaɗai a kujera, cikin koren mayafi, ina kuka.

Kuma ba irin kukan amare ba, wanda ake yi a hankali ana shessheƙa don a ce yarinya tana da kunya. Kukan saniyar da aka raba da maraƙinta nake yi. Na mijin da ya mutu, na ɗan da ya koma, duk wanda na hana fita ya samu hanya ranar.

Matan gida suka fito da guɗa. Na ji hannu mai taushi ya kama ni, na ji muryar tsohuwa.

"Ga mayafina na gane shi. Fito, ɗiyata. Kai, wagga akwai kunya. An ce mana bazawara ce, ku ji kuka kamar ta fari."

Na ce, "Ba ni..."

"Yi shiru, duk mun yi shi. Shiga da ƙafar dama. Bisimilla."

Za ku ce me ya hana ni yaye mayafin. Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga. In na yaye, fuskar da Kulu ta ce in ɓoye ita za su gani. In ban yaye ba, ga inda ake kai ni. Kafin in zaɓa ƙafafuna sun wuce zaure, sun wuce tsakar gida (da dama na shiga kuwa, kamar yadda aka ce).

Aka zaunar da ni a bakin gado. Ɗaki ya cika da mata. Gwaggo Tumba ta zauna kusa da ni tana shafa mini baya, tana cewa aure haƙuri ne, ɗansu ba mai faɗa ba ne, in ya ɓata mini rai in zo wurinta. Ta cikin mayafin ina ganin jere dishi-dishi, kwanoni da tasoshi. A saman kabad kuma ga rediyonmu mai kaset, wanda na ba Kulu gudummawa.

Ganin rediyon nan ya ƙarasa ni. Bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Kulu, kada ki bar ni. Kulu."

Wata ta ce, "Allah sarki, uwarta take kira."

Wata ta ce, "Wace uwa? Kulu ai ita ce amaryar."

Gwaggo Tumba ta kama bakin mayafin ta ɗaga.

Abin da suka gani: mace ta kusa arba'in, kwalli ya zubo har haɓa, majina ta haɗu da shi, ga giɓin da miji na farko ya bar mini. A bakin ƙofa kuma ga Kulu tsaye da ɗankwali kawai, tana goge baki, Asabe a bayanta da buta.

Aka fashe da dariya. Wata har ta zube a tabarma tana riƙe ciki. Wata ta ce ango ya yi sa'a, ya biya ɗaya an kawo mishi biyu. Na so ƙasa ta buɗe. Siminti ne, sabo.

Gwaggo Tumba ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta dubi Kulu. Ta ce, "Na karɓi amare da yawa a gidan ga. Na san kukan uwa, na san na ƙanwa, na san na ƙawa. Wanga kuka na mi ne?"

Ba ni ta tambaya ba. Kulu ta jefa wa tambayar.

Kulu ta yi dariya, ta fi kowa ƙarfi. Ta ce, "Gwaggo, mai kitsona ce. Iskoki gare ta. In ta ji guɗa sai su tashi."

Na gane. Ko in zama mai iskoki, ko auren Kulu ya mutu ranar da aka ɗaura shi, sunanta ya riga ta komawa Tsafe. Sai na sulale daga gadon na faɗi ƙasa. Na yi birgima, na juya ido, na yi gurnani. Na sha ganin masu yi, ban taɓa zaton zan ci moriyar kallon ba.

Aka kawo garwashi aka zuba tazargade da barkono, aka kara mini a hanci. Aka kira wani malami maƙwabci ya tsaya daga bakin ƙofa yana karatu. Da ya gama ya ɗaga murya ya ce, "Kai wane ne? Mi kake so ga baiwar Allah?"

Dole in amsa. Na kumbura murya na ce, "Ba ni son komai. Zan tafi."

"Ka yi alkawari ba ka dawowa?"

Na kalli ƙafar Kulu, da lallen da na zana. Na ce, "Na yi."

Sai na yi atishawa, don kowa ya san da atishawa iska ke fita (wannan kam ba ƙarya, barkonon ya yi aikinsa). Mata suka ce alhamdu lillahi. Aka ba ni ruwa.

Gwaggo Tumba ta miƙa wa wata mayafin ta ce a wanke kafin amarya ta yafa. Ita da kanta ta raka ni mota kafin magariba. Ta riƙe mini ƙofa, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Allah shi ba ki lahiya. Amma gidan ga akwai ƙananan yara, ba mu son iska na shigowa. Muna da mai kitso nan Bunguɗu."

Na ce, "To, Gwaggo." Ta san ba iska ba ne. Ta san na san ta sani. Kulu ba ta fito ba, amarya ba ta fita.

Labari ya iso Gusau. Aka daina ce mini Dutse, na koma Amaryar Bunguɗu. Wasu suka ɗauke kansu daga wurina, wasu suka zo kitso don su ga mai iskoki. Da aka kawo shari'a na gode wa Allah da wannan sunan ne ya bi ni, ba wancan da ake kiran irinmu da shi ba.

Sau ɗaya na sake ganin Kulu, a tasha, bayan shekaru. Tana goye da yaro. Ɗankwalinta ya zame na ga tsagar a karkace. Muka gaisa kamar yadda ake gaisawa, ya gida, ya maigida, ya yaro.

Ta ce, "Ya iskokin?"

Na ce, "Suna nan."

Ta gyara goyo. Ta ce, "Kitson Bunguɗu ba ya daɗewa."

Motarsu ta cika, ta shiga.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kada ki yarda da sunan da mutane suka sa miki, ba su san inda za ki fashe ba. In kuma kuka ya kama ki a gidan biki, ki yi shi da zanenki, ba da mayafin wata ba.

Yanzu ina Damba, can gefen Gusau, ɗaki ɗaya, ni kaɗai. Ido ya fara rauni amma hannu yana nan. Har yau ina yi wa amare kitso. Rakiya ce ba na zuwa. In an matsa mini, sai in ce iskokina ba su son guɗa.