Rasuwar Firizar Gidan Abdulrazak, Ana Jiran Saƙo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da nauyin kunya, Malam Abdulrazak mai shagon yadi a cikin garin Daura, a madadin uwargidansa Mardiyya, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar firizarsu, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi.

Marigayiyar ta girmi auren masu gidan. Daga hannun Nagoggo, mahaifiyar Mardiyya, ta fito, aka ɗoro ta a kan kayan ɗaki. Ita ta riƙe sana'ar zoɓo da kunun aya da ke ɗinka wa yara kayan makaranta. Ta ɓoye naman layyar rabin unguwa ba ta taɓa cin amanar kowa ba. Idan aka ɗauke wuta takan yi shiru ta riƙe sanyinta, idan aka kawo sai ta yi "gurrr", ta ɗan girgiza, ta koma aiki.

Ciwon ajalinta ya fara ne da tsayawar 'yar fankar da ke sanyaya injinta. Mai gyara ya ce kada a kunna ta sai an sa sabuwa. Mardiyya ta ce, "Maigida, ka ba direban Kano kuɗin kawai, gobe ya taho da ita." Abdulrazak ya yi dariya ya ce zamani ya wuce nan, ya yi oda ta intanet, aka turo masa lambar bibiyar kaya.

Tun daga ranar bai ƙara auna yadi da nutsuwa ba. Yana riƙe da almakashi, ido na kan waya. Saƙo ya bar Legas. Saƙo ya iso Kano. Ya yi murna, kwatsam ya ga an wuce da shi Katsina, washegari kuma an mayar da shi Kano. An rubuta za a kawo cikin 'yan kwanakin aiki, shi kuwa ya rasa gane ko Juma'a tana cikin lissafinsu. Kullum ya shigo gida sai Mardiyya ta dube shi, shi kuma ya ce, "Yana hanya."

Ana haka wata mata daga Sandamu ta ba da aikin zoɓon suna. Ran Laraba da safe waya ta nuna za a kawo kaya yau. Mardiyya ta tafi kai yara makaranta, ga zoɓo an ƙulla yana neman lalacewa. Abdulrazak ya ce a ransa, tunda magani na bakin ƙofa, ai firizar za ta jure kaɗan. Da hannunsa ya kunna ta. Ta yi gurnaninta kamar kullum, har ya saki jiki. Can sai ya ji "ƙas", sai ƙauri ya cika tsakar gida.

Da Mardiyya ta dawo ta shaƙi ƙaurin, ta dafa murfin ta daɗe a tsaye. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ta yi mana ƙoƙari." Ta kwashi zoɓon ta bi gidajen maƙwabta tana roƙon wurin ajiya. Har yau ba ta tambayi wanda ya kunna ba, kuma tana kai masa abinci a kan lokaci. Abdulrazak ya ce da ma ta yi masa faɗa.

Fankar ta iso ran Asabar, lafiya lau, an naɗe ta da kyau.

Marigayiyar ta bar kuloli biyu, buhun zoɓo da ko rabi ba a ci ba, da yaran unguwa da har yanzu suke leƙowa da kuɗinsu a hannu.

Za a fitar da ita gobe bayan la'asar. Mardiyya ta hana a ba 'yan gwangwan, ta ce a kai ta zauren Nagoggo a riƙa zuba gero. Abdulrazak ya nemi a bar masa ɗaukar ɓangaren injin, inda ya fi nauyi. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida. Masu zuwa su yi haƙuri da ruwan randa. Allah ya mayar da alheri.