Alhaji Leshanj da Waken Alela

Allah ya yi wa Birnin Konni baiwa iri-iri. Ya ba ta kan iyaka, ya ba ta kasuwa, ya ba ta ƴan canji da ƴan kabu-kabu. Amma duk waɗannan ƙananan ni'imomi ne idan aka gwada su da Alhaji Abarshi, masanin cinikin ƙasa da ƙasa, wanda ke zaune a bayan tasha. Garuruwa da yawa sun yi addu'ar samun irinsa, Allah ya tausaya musu bai amsa ba.

Ilmin Alhaji ba na lakwal ba ne, wato makarantar boko, don tun yana aji uku ya gane lakwal ta yi masa kaɗan. A Yamai ya samo shi. Wata shekara aka kira taron ƴan kasuwa a can, shugaban dillalan hatsi na Konni ya kwanta ciwon ciki, aka tura Abarshi saboda shi kaɗai ne ba a rasa komai idan ya yi tafiya. Ya kwana a lotel mai sanyi, ya ci kaza safe da yamma, ya dawo da kati rataye a wuya da wata magana ta Faransanci da ya tsinta tsakanin gyangyaɗi da gyangyaɗi: term da leshanj. Ma'anarta ita ce yadda farashin abin da ƙasa ke sayarwa waje yake, idan aka auna shi da na abin da take sayowa. Kafin wata ya mutu, ƴan kabu-kabu sun raɗa masa suna Alhaji Leshanj. Ya ɗauka girmamawa ce, har ya sa aka rubuta sunan a bayan motarsa.

Yana da hanyar koyarwa ta kansa. Sai ya miƙe a majalisa, ya ɗaga hannun dama sama, ya sauke na hagu ƙasa.

"Ku saurara, jahilci ba laifi ba ne in an samu mai gyara shi," in ji shi. "Hannun ga na dama shi ne shinkafa da sukari da mai, abin da muke sayowa. Kun gan shi, shina hawa. Na hagun ga wake ne da albasa da bisashe, abin da muke saidawa. Shina sauka. Tsakaninsu, nan inda iska ke wucewa, nan talaka yake."

Kuma ba ya sauke hannuwan sai an ce masa haka ne. Wata rana a Malbaza ya yi wannan darasi a bakin hanya, direban motar siminti ya ɗauka jandarma ne, ya taka birki ya sauko da takardunsa. Alhaji ya karɓa ya duba, ya ce masa ya wuce.

A shekarar 2008 shinkafa ta yi tashin da ko masu albashi sai da suka koma tuwon hatsi. Alhaji ya ga lokacinsa ya zo. Ya sa shaddarsa ta Turai da takalminsa na Italiya, ya kurɓi shayin Sin, ya yi shelar cewa daga ranar kayan waje sun haramta a gidansa. Iyalinsa suka shiga daka da surfe. Shi kuwa kullum da azahar sai a gan shi a gidan abincin bayan duwan, ofishin kwastan, gabansa shinkafa da miya. Ya ce bincike yake yi, don ba a yaƙar abokin gaba ba a san ɗanɗanonsa ba.

Damina ta yi kyau a shekarar, wake ya yi albarka. Alhaji ya ɗauki mota ya nufi ƙauyensu a ƙasar Alela, inda aka san shi tun yana yawo ba wando. Ya tara manoma a gindin gawo, ya hau kan amalanke don ilmi ya fi sauka daga sama.

"Kowace shekara mutanen Sakkwato na zuwa su kwashe wakenku da araha, su aiko muku da omo da sabulu da tsada. Bana an gama. Kada wanda ya saida ko tiya guda. Ku kawo shi mangazata, ɗakin ajiyata a Konni, in rufe. In Najeriya ta kwana biyu ba ƙosai ba alala, da gwiwa za ta zo. Sannan ni zan yanke farashi, daga nan har Ikko."

Maganar ta shiga kunnen mutane, don abin da ya faɗa game da arahar wake gaskiya ne, kuma sun gaji. Cikin waɗanda suka fara ba da nasu har da yayarsa Kubura, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona da jikoki. Ita ta goye shi yana jariri, ita kaɗai ce kuma a duniya ba ta ce masa Alhaji.

"Abarshi," ta ce, "waken ga shi ne hatsinmu na bazara. In na saida shi nike sayen abin da za mu ci."

"Yaya, ki bar wa masana."

Ta bar masa. Aka yi ta jan amalanke zuwa Konni har mangaza ta cika. Aka ce masa a sa maganin ƙwari kafin a rufe, ya tambayi inda ake yin maganin, aka ce daga waje yake zuwa kuma ya ƙara kuɗi. Ya ce Allah ya kiyaye a ce shi da kansa ya ƙara ɗaga hannun dama, aka bar waken ba magani. Ya sa ƙaton kwaɗo a ƙofa, ya sa aka kafa allo mai rubutun Faransanci, wai ajiyar ƙasa ce.

Ba a jima ba Alhaji Sadiƙu ya zo. Dillalin wake ne daga Sakkwato, mutum mai sanyin magana, ya zo da manyan motoci da farashi mai kyau. Leshanj ya bar shi a zaure tun hantsi har la'asar, sannan ya fito yana sakace.

"Ka koma ka shaida wa waɗanda sunka aiko ka, zamanin ya wuce. Kasuwar duniya ta san da ni."

Sadiƙu ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Ya juya motocinsa ya nufi Dogon Dutse, ya cika su a yini guda. Har aka yi sallar layya ba a ji labarin an rasa ƙosai a Najeriya ba.

Sai naira ta faɗi. Ƴan canji a bakin iyaka suka shiga ba da damin naira a kan sefa kaɗan, waken wannan gefe ya yi wa masu saye tsada, motocin Sakkwato suka ja baya, farashi ya zube. Alhaji ya ce makirci ne aka ƙulla masa daga manyan birane, wanda hakan ma shaida ce cewa an fara jin tsoronsa. Ya ƙara kwaɗo na biyu.

Zafi ya shigo. Masu wucewa ta bayan mangaza suka fara jin wani ɗan ƙara a ciki, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana yayyafi a kan kwano. Aka gaya wa Alhaji. Ya zo ya kara kunne a ƙofa, ya yi murmushin masana.

"Farashi ne ke motsi," in ji shi.

A ƙauye kuwa rumbuna sun fara ganin ƙasansu. Hatsi ya hau. Mutane suka riƙa zuwa Konni a kan babur suna roƙon ko rabin wakensu, yana mayar da su da darasin hannuwa. Kubura ta sayar da akuyarta ta farko, ta sayar da ta biyu. Da ta ga ƙaramin jikanta yana lasar ƙwaryar da aka wanke, ta ɗaura zane ta hau motar kasuwa. Ba ta shiga gidansa ba. Ta zauna a ƙofar mangaza ta ce ba ta tashi sai an buɗe.

Alhaji ba ya buɗe ƙofa kamar talaka. Ya ce to za a buɗe, amma da buki. Ya yi hayar lasifika da kujeru, ya gayyaci dillalai da Liman, ya aika wa Sadiƙu cewa an yi masa afuwa, yana iya zuwa ya taya. Manoman Alela suka zo suka tsaya a rana. Ya yi jawabi mai tsawo a kan ranar da Konni za ta juya cinikin duniya, sannan ya zaro makullai.

Abin da ya fara fitowa wari ne. Bayansa ƙwari suka biyo, baƙi ƙirin, suka rufe farar shaddarsa tun daga hula har takalmi. Mutanen kujerun gaba suka koma na baya. Wani manomi ya soka wuƙa a buhu, maimakon wake sai gari ya zubo, da ɓawo mai huda-huda kamar rariya. Aka soka na biyu, aka soka na can ƙurya. Duk ɗaya.

Wani tsoho ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Amma Alhaji bai yi taron Yamai a banza ba. Ya kakkaɓe gemu ya jawo lasifika.

"Jama'a, wanga shi ake kira sarrafa kaya a gida. Ƙasashen da sunka ci gaba ba su saida ɗanyen kaya. Mun rufe wake, mun buɗe gari, ba inji ba lantarki."

Ba wanda ya ce haka ne. Liman ya karɓe lasifikar a hankali, ya ce a gaban shaidu Alhaji zai sayar da motarsa da filinsa na hanyar Tawa a saya wa masu wake hatsi, in kuwa ya ƙi, ga ofishin jandarma can ba nisa. Alhaji ya ce dama abin da yake shirin sanarwa ke nan.

Duk wannan Sadiƙu yana tsugune yana shafa buhu. Can ya ɗago.

"Alhaji, zan taya."

Fuskar Leshanj ta washe. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya gyara hula. "Kun ji ko? Najeriya ta zo. Taya, ina jin ka."

"Buhunan nike so. Sababbi ne, irin namu na Kano, bana sun yi tsada ƙwarai. A zazzage abin da ke ciki, in biya."

Alhaji ya buɗe baki. Hannunsa na dama ya fara tashi sama da kansa, na hagu ya nufi ƙasa, don ko a wannan hali ya ga misali mai kyau. Kubura ta taso ta kama na daman ta sauke shi.

"Abarshi, tuɓe rigar."

"Yaya, gaban mutane?"

"Na gan ka ba ko wando. Kama gindin buhun ga, ka zazzage."

Haka masanin cinikin ƙasa da ƙasa ya yini, daga shi sai singileti, yana zazzage buhu yana atishawa, yayarsa na tsaye a kansa tana nuna masa inda ya bari. Awakin unguwa suka taru a kan garin, su ne masu saye na farko, kuma ba su tambayi farashi ba. Da la'asar aka ɗaure buhunan dami-dami aka jefa a bayan motar Sadiƙu.

Abin da Alhaji Leshanj ya fitar zuwa ƙasar waje ke nan a duk rayuwarsa: buhunan Najeriya, ba komai a ciki, sun koma gida.