Mushe Manaja da Albashin Shekara ta Uku

Allah shi ja zamanin Mushe Rufa'i ("monsieur" in ji masu Faransanci), Manajan Duniya, fitilar tashar Dogon Dutsi. Bai taɓa buga ƙwallo ba, ko ta tsumma, amma albashin kowane ɗan wasan Turai na bisa harshenai. Shagonai na cajin salula ne, faɗinai bai kai tabarma biyu ba, shi ko "biro" yake ce mai, wato ofis. Rana na gasa mutane, shi yana cikin kostim, kwat irin ta Turawa, da karabat ɗaure a wuya, zufa na zuba, wai manya haka suke.

Sai ga nama har gida. Naziru, ɗan yayarshi Sa'adatu, gola ne a Kore Mairuwa, dogo kamar giginya, ƙwallo ba ta wuce shi. Wata ekip, ƙungiyar ƙwallo ta Yamai, ta ce tana sonshi: kontara shekara uku, jikka tamanin na sefa kowane wata, farko har ƙarshe. Sa'adatu ta rangaɗa guɗa. Bijimin huɗarsu ya mutu, ga shi Allah zai maida masu wani kafin damina.

Manaja ya gyara karabat.

"Yaya, wanga lissafin ƴan ƙauye ne. Albashi kai ɗaya, kamar na mai gadi? Manya tsani suke yi mai. Bana kaɗan, baɗi ɗan ƙari, shekara ta uku miliyoyi. Wala, shi ke nan."

"Rufa'i, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

"Ke kin san kaza, ni na san futbol."

Ya ɗauki yaro sunka tai Yamai. Gaban shugaban ekip ya ɗora ƙafa bisa ƙafa, har ana hangen hujin safarshi. Ya ce a ba Naziru jikka ashirin bana, talatin baɗi, saura a tara mai a shekara ta uku, har da ƙari. Shugaban nan tsohon ɗan kasuwa ne, saura kaɗan shayi shi sarƙe shi. Bai ma ɓoye komi ba, ya ce, "To, amma shekara ta uku sai in muna sonshi har lokacin."

Manaja ya yi dariyar manya. "Alhaji, wa ke yada zinariya?"

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Nan take anka sa hannu.

Da ya dawo, babu wanda bai sha labari ba. Mai shayi ya sha, direbobi sun sha, har wanda ya zo cajin salula sai ya ji yadda Manaja ya durƙusar da mutanen Yamai.

Can ko Naziru na shan gari da ruwa, yana tare ƙwallo cikin yunwa. Damina biyu Sa'adatu na aron bijimin huɗa, sai kowa ya ƙare huɗa a ba ta, gero shi tashi kamar gashin tsoho. In ta kira, Manaja shi ce, "Haƙuri, Yaya, miliyoyi na bisa hanya."

Shekara ta uku na kunno kai, shugaba ya kira Naziru, ya yi mai godiya mai yawa, ya ba shi riga da kuɗin mota. Sun samu wani gola, mai araha.

Da anka yi shuka, Manaja ya ari moto ya iske su gona, daidai lokacin fura. Naziru na duƙe da hauya, ko kai bai ɗaga ba.

"Kada ku damu. A Turai wanga shi ne ɗan wasa mai ƴanci. Yanzu ne farashinai zai hau."

Ya zauna inuwa, ya miƙa hannu ga ludayi. Sa'adatu ta jaye ƙwaryar, ta rufe ta da faifai.

"Taka na nan, Rufa'i, na tara maka ita har da ƙari. Ka dawo shekara ta uku, in muna sonka har lokacin."