Ƙahon da Na Kafa wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da asirina ya tonu a zauren surukina ba. Ni wanzami ne a Birnin Gwari, kuma a lokacin ina ji da kaina: aski, ƙaho, cire beli, har daga rugagen cikin daji ake aiko mini. Sai ido ɗaya ya matsa wa surukina da ciwo, kai yana sara, gani yana raguwa. Matata ta ce, "Ga wanzami a gida, Baba yana wahala?"

To, wa ke ƙura wa surukinsa ido? In na je sai in durƙusa, kaina a sunkuye, in lallaɓa in yi tsaga a gefen idonsa na dama, wanda ya fi kusa da ƙofa, in kafa ƙaho, in fice. Sau shida na yi haka (kowane karo kuma sai na ba abokai labarin baƙin jinin da na zuƙo).

Ana nan ayarin fatake ya sauka, cikinsu da wani dattijo mai aikin ido da allura. Aka kawo shi zaure, mutane suka cika. Maimakon in kama bakina, sai na hau bayani. Na ce allura ganganci ce, farar yanar da ta rufe gani kawai take turawa cikin ido, wani ya gani, wani ya ƙarasa makancewa. Ƙaho kuwa ciwon yake tsotsowa daga tushe.

Dattijon bai musa ba. Ya ɗaga haɓar Baba, ya duba, ya danna fatar idon da yatsa. Ya ce, "Allurata ta farar yana ce. Wannan idon mai ciwo ba shi da yana, amma ya yi tauri kamar goruba, ba aikina ba ne." Sai ya shafa tabon tsagata. "Wanzam, na hagu ke ciwo. Me ya kai ƙahonka dama?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani maƙwabci ya ce, "Baba, ba ka faɗa masa ba?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Mijin 'yata ne. Yaya zan gyara masa aikinsa?"

Idon hagu bai dawo ba. Ko ƙaho zai yi masa amfani, Allah kaɗai ya sani, ni dai ban ko gwada ba, kuma har yau kunyar tana cina. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna gabana, ko kakan matata ne, sai na dube shi tsakar ido na tambaya, "Wanne ne?"